Tsufa Ba Cuta Ba Ce, Man Bilicin Ne Ke Jawo Cutar

A kasuwar Wudil da shagunan kayan kwalliya, mayukan sauya launin fata da na gusar da tamoji sun zama ruwan dare. Mace ɗaya kan tara kwalabe biyar ko shida, ta ƙara da haɗin da ba a rubuta sinadaransa ba, duk don gudun a ce ta tsufa.

Wannan tsoro yana da tsada. Da yawa daga cikin irin waɗannan mayuka na ɗauke da hydroquinone, ko steroid, ko mercury. Na farko kan bar baƙin tabo mai wuyar magani, na biyu kan sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa, na uku kuwa yana lalata ƙoda, yana kuma cutar da ɗan tayi. Shi ya sa a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa.

A ganina, maganin yana farawa daga yadda muke kallon kanmu. Rembrandt, mai zanen ƙasar Holan, ya yi ta zana fuskarsa tun yana saurayi har shekarar rasuwarsa, 1669, bai ɓoye tamoji ba. Ki ɗauko tsohon hoton kakarki ki duba da kyau: wace kwalba ce ta ba ta wannan kwarjini?

Maza kuma su daina gorin tsufa da fifita fara. Man kaɗanya da sabulu marar ƙarfi sun wadatar. Wadda ta daɗe tana shafa mai steroid ta ga likita kafin ta daina, domin yankewa farat ɗaya kan tayar da fata.