Sun Rubuta Dararsu, Mu Me Muke Jira?

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya ratsa gindin bishiya a garin nan bayan la'asar ya san yadda dattawa ke duƙufa kan dara mai gida 30, kowa da 'ya'yansa 12. Gwanayen sun san tun wajen jera 'ya'ya ake cin wasa ko a faɗi. Amma wa ya taɓa rubuta yadda suke jerawa?

Mu dubi ches, darar da ake gasar duniya da ita. Mai farin kaya yana da zaɓi 20 a motsin farko, abokin karawarsa ma 20, wato yanayi 400 ke nan kafin wasa ya yi nisa. Masu wasan ba su bar wannan ga sa'a ba. Kowane salon buɗe wasa sun ba shi suna. Akwai Ruy Lopez, sunan wani limamin coci ɗan Sifaniya da ya wallafa littafinsa a 1561. Daga 1974 kuma masana a Belgrade suka fara fitar da kundin da ya kasa buɗe wasa gida 500, daga A00 zuwa E99. Shi ya sa yaro a Legas zai iya nazarin wasan da aka buga kafin a haifi kakansa.

Mu kuwa tamu dabarar tana cikin kawunan tsofaffi, a Illela da ƙetaren iyaka a Birnin Ƙonni. Duk gwanin da ya rasu, da iliminsa ake binne shi.

Wasu za su ce dara aikin masu zaman banza ce. Ba mu yarda ba. Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, ya kuma yi amfani da ches wajen jawo yaran unguwannin talakawa zuwa karatu. Wasan da ke koya wa yaro tunani kafin ya miƙa hannu ba ɓata lokaci ba ne.

Roƙonmu ga hukumar makaranta kaɗan ne: awa ɗaya a mako da littafin rubutu guda. Mu sa wa gidajen dara lamba daga 1 zuwa 30, mu gayyato dattawa, mu rubuta jerin kowa, mu ba kowane salo suna da Hausa. Malaman lissafi su taya mu tantance wanda ya fi ci.

In muka yi sakaci har gwanayen suka ƙare, to dara ta ci gida.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta