Filin Mata: Kwamfuta Ba Kayan Jere Ba Ce

  Yau maganarmu a kan makaranta ce, da wata na'ura da ta shigo cikinta, watau kwamfuta, da kuma wadda aka danƙa wa mabuɗin ɗakin da a ke ajiye ta. Uwargida, kada ki ce wannan zancen 'yan boko ne, ba ruwanki. In kina da 'ya a sakandare, to, zancenki ne, don kuwa a nan ne wahalar da ki ka sha shekara goma sha biyu, ta sayen littafi da ɗinkin kayan makaranta da kuɗin tara, za ta yi amfani ko ta faɗi a banza.

Ga dalili. Yarinyar da ta gama sakandare tana son shiga jami'a a Nijeriya, sai ta zauna jarrabawar hukumar nan JAMB, wadda aka kafa a 1978. Da can da fensir da takarda a ke yin ta. A 2013 aka fara gwada ta da kwamfuta, daga 2015 kuwa aka ajiye takarda gaba ɗaya. Yarinya za ta zauna gaban na'ura, a ba ta tambaya 180 cikin fanni huɗu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, ta amsa cikin awa biyu. In kin yi lissafi, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Agogo na nan a kan allon na'urar yana tafiya, ba ya jiran kowa.

To, ki duba yarinyar da ta yi karatu sosai, ta san amsa, amma ba ta taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba sai ranar. Hannunta na rawa, tana tsoron ta danna wani abu ta ɓata. Kafin hankalinta ya kwanta, sulusin lokaci ya wuce. Ta dawo gida da maki kaɗan, sai a ce ai ba ta da ƙoƙari, a aurar da ita a huta. Alhali kuwa ƙoƙari na nan, sabo da na'ura ne babu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba JAMB kaɗai ba ce. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara yi wa masu zaman jarrabawa daga waje tasu da kwamfuta. A 2025 kuma Ministan Ilmi na tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwa cewa nufin gwamnati shi ne WAEC da NECO su koma kwamfuta. An yi ta gardama a kan lokacin da hakan zai yiwu, saboda rashin wuta da ƙarancin na'urori a ƙauyuka, amma inda aka dosa a fili ya ke. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Kada wannan ya firgita ki. Ilmin mata a ƙasar nan ya sha sake riga, kuma kowane lokaci wata ce ko wani ya tsaya ya ja gaba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan karkara ba su iya barin gidajensu su zo Sakkwato su zauna karatu. Sai ta tsara ilmi cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, ta naɗa jajis, ta sa musu malfa, suka riƙa zuwa suna ɗauka suna kai wa 'yan taru a garuruwansu. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina, da goyon bayan sarakuna irin su Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1976 aka kawo UPE, makarantar firamare ta kai ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba. A 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, da rediyo aka riƙa ba yara darasi a jihohi irin su Kano da Kaduna. Kin ga kayan aiki suna sakewa, daga waƙa zuwa allo da alli, zuwa rediyo, zuwa kwamfuta. Amma ko yaushe sai an sami mai tsarawa kafin su yi amfani.

Mu mata mun san kayan jere. Amarya ta kan cika kabad da kwanuka da tangaran, a goge su, baƙi su zo su yaba, amma ba a taɓa zuba miya a ciki ba. Haka waɗansu makarantu su ka mai da kwamfuta. Gwamnati ko wani mai taimako ya kawo, an yi biki, an ɗauki hoto, sa'an nan aka lulluɓe su da leda aka sa kwaɗo. Ba a buɗewa sai manyan baƙi za su zo. In an tambaya, sai a ce ana tsoron yara su lalata. Keken ɗinki da ke cikin akwati bai taɓa mai da kowa tela ba, tsatsa kaɗai ya ke yi.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, gwamnati ta raba wa yaran makaranta ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Da masana su ka bincika, sai su ka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba, don ba a haɗa na'urar da darasin da malami ke bayarwa ba. Hukumar UNESCO ta kawo wannan misali cikin rahotonta na 2023, ta kuma yi gargaɗi cewa na'ura taimakon malami ce, ba ta maye gurbinsa. Saboda haka ɓarna iri biyu ce: a kulle na'ura, ko kuwa a sake ta ga yara ba mai jagora. Maganin duka biyu yana hannun shugabar makaranta.

Yaya za ki gane shugaba ta gari a wannan zamani? Da farko, ɗakin kwamfuta yana cikin jadawalin darasi kamar lissafi da Turanci, kowane aji da ranarsa da lokacinsa. Ko na'ura goma ce kaɗai ga yara ɗari uku, in an raba su rukuni-rukuni kowa zai taɓa. Na biyu, ta kan fara da malamanta, don malamar da ke tsoron na'ura ba za ta cire wa ɗaliba tsoro ba. Shugaba mai hankali ba ta jin kunyar zama kusa da ƙaramin malami ya nuna mata, ko da ta haife shi. Na uku, ta kan yi tunanin wuta tun kafin kaya su iso: man janareta daga ina, ko kuwa farantin sola za a nema, wa zai gyara in abu ya lalace. Na huɗu, in makarantar ta maza da mata ce, ta kan lura kada samari su mamaye kujeru, 'yan mata su koma baya suna leƙe. Kallo ba ya koya wa hannu aiki.

Na biyar kuwa, wanda ya fi duka, shi ne faɗin gaskiya. A watan Mayu na 2025 aka sami tangarɗar na'ura a jarrabawar JAMB a Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya ce kuskure daga wajensu ya ke, ya nemi gafara, aka sake wa yara kusan 380,000 jarrabawa. Na'ura ma tana kuskure. Shugabar da ta ke so iyaye su amince da ita, sai ta gaya musu abin da ke akwai da abin da babu, kada ta rufe su da daɗin baki har ranar jarrabawa ta zo.

Yanzu saura ke, uwargida. Makarantun gwamnati suna da ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin gari mai lura da makaranta wanda a ke kira SBMC, kuma cikin tsarinsa akwai kujerun mata. Sau da yawa kujerun nan su kan zauna babu kowa, ko kuwa a zo a yi shiru har a tashi. Ki nemi izinin maigida ki je, ko ku tafi tare. In ba hali, ki aiki yayarki ko ƙanwarki. Ki gai da shugaba da ladabi, sa'an nan ki yi tambaya uku. Kwamfuta nawa ke aiki? Sau nawa 'yata ke zama gabanta a mako? Za a yi wa 'yan ajin ƙarshe gwajin jarrabawa da na'ura kafin ta gaske? Ba faɗa ki ka je yi ba. Shugabanni da yawa suna so su yi aiki, abin yi ne ya yi musu ƙaranci, kuma in sun ga iyaye a bayansu sun fi samun bakin magana a ma'aikatar ilmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ki kuma tambaya ko makarantar na cikin shirin AGILE. Shiri ne na ilmin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, da dala miliyan 500, aka fara da jihohi bakwai: Barno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, daga baya aka ƙara waɗansu. Cikin aikinsa akwai gyaran azuzuwa da koya wa 'yan mata aiki da kwamfuta. In kayan shirin sun zo makarantarku, da sunan 'yarki su ka zo, hakkinki ne ki san inda su ke.

Game da wayar hannu kuma, ita ma ƙaramar kwamfuta ce, ana iya gwada tambayoyin jarrabawa a kanta. Amma wuƙa ce, tana yanka albasa tana yanka yatsa. Ki ba 'yarki aron taki a tsakar gida, inda idonki ke kai, da lokaci ƙayyadadde. Kada ta kwana da ita a ɗaki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku matso ku ji. Jarrabawar nan ba ta bukatar gwanintar buga rubutu. Harufa kaɗan ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki in an gama. Kada ki taɓa S sai kin tabbata kin ƙare. Tambayar da ta yi miki wuya ki wuce ta, ki dawo daga baya. Tun 2017 hukumar ta kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ki roƙi Baba ya biya miki, kuɗin ba su faɗi a banza ba. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, saboda haka ki nemi taki da wuri, ki duba sunanki da ranar haihuwarki sun yi daidai da na takardun makaranta. Layin wayar da ki ka yi rajista da shi ki adana shi kamar zinariya, ta nan saƙonni za su riƙa zuwa. Sa'an nan ga wata wadda ta shafe mu mu kaɗai: da zanen yatsa a ke tantance mai shiga ɗakin jarrabawa, kuma hukumar ta sha yin gargaɗi cewa lalle ya kan hana na'ura gane yatsa. Ko bikin wa a ke yi, ki haƙura da ƙunshi har ki gama. Biki ba ya ƙarewa, jarrabawa kuwa sau ɗaya ce a shekara.

In an buɗe ɗakin kwamfuta kada ki noƙe a baya don kunya. Ki zauna, ki danna, ki yi kuskure, ki tambayi malama. Wadda ta iya ta koya wa ƙawarta. Watakila cikinku ne za a sami shugabar makarantar gobe, sai ki tuna yadda ki ka so a buɗe miki ƙofa.

Wadda ta je taron makaranta ta yi tambayoyin nan, ta rubuto mana amsar da aka ba ta, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba malamansu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa.