Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Wa Zai Biya?

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar waɗanda masarautar ta ƙunsa, akwai maganar da ake rufe bakin kowa da ita duk lokacin da magidanci ɗan shekara arba'in ko fiye ya ɗaura aniyar komawa jami'a, ita ce gemu ba ya hana ilimi. Da zarar an faɗe ta muhawara ta mutu, domin duk wanda ya ƙara tambayar nawa abin zai ci, ko daga ina kuɗin zai fito, sai a ɗauke shi mahassadi. Karin maganar gaskiya ce a muhallinta, tunda an yi ta ne don dattijon da ke jin kunyar durƙusawa gaban malami a zaure, karatun da ba shi da kuɗin rajista kuma ba ya raba mutum da gonarsa. Ɗora ta kan digirin zamani, mai cin kuɗi tsaba da shekaru masu tsada, rashin adalci ne ga iyalin da nauyin zai faɗa wa.

Akasarin masu komawar nan malaman firamare da ƙaramar sakandare ne, sai ma'aikatan sakatariyar ƙaramar hukuma. Da yawansu suna riƙe da NCE, takardar shaidar malanta ta shekara uku, daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, wadda aka kafa a 1976 tun yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano. Abin da ke kora su ba ɓoyayye ba ne: mai NCE yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma akwai matakin da mai NCE ke cijewa komai ƙwarewarsa, yana ji yana gani yaron da ya koyar ya zama shugabansa. Neman fita daga wannan ƙangi halal ne, babu abin kunya a cikinsa. Sai dai buri ne na albashi da matsayi, kuma burin da kuɗi ne ginshiƙinsa dole a auna shi da ma'aunin kuɗi, a daina lulluɓe shi da rigar ibada don kada a bincika.

Mai kiwon turke da ke kai sa kasuwar Alhamis ta Maigatari ba ya sayen dabba sai ya ƙiyasta dusa da harawa da watannin da za ta yi a ɗaure, sannan ya kwatanta da abin da za ta kawo ranar sayarwa. Abin mamaki shi ne ɗan boko, wanda ake ganin ya fi shi sanin lissafi, shi ne ke shiga harka mafi tsada ido rufe. A aikin gwamnati ana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa, ko da yake dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 ko 40 a inda ake aiki da ita. Mai NCE da ya samu gurbi kai tsaye a aji biyu zai yi shekara uku idan babu tangarɗa, na wucin gadi kuwa ya fi haka, kuma wanda ya tuna yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya san tangarɗa ba baƙuwa ba ce. A ƙara jiran sakamako, da jiran a shigar da takardar cikin fayil, da jiran lokacin ƙarin girma, sai a ga wanda ya fara da shekara 45 bai soma cin moriya ba sai ya haura 50.

Kuɗin rajista, wanda jami'o'in tarayya da dama, har da Jami'ar Bayero, suka ƙara a 2023, shi ne ɓangaren da kowa ke gani, alhali shi ne mafi sauƙin lissafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekarar, zirga-zirga daga Gumel zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 120, ko zuwa Dutse, ko Kafin Hausa inda Jami'ar Sule Lamido take, ta zama wani haraji na mako-mako, ga hayar ɗaki, ga tukunya biyu maimakon ɗaya. Asara mafi girma kuwa a gona take. Malamin makaranta a Gagarawa ko Sule Tankarkar albashi rabin abincinsa ne, ragowar rabin gero ne da riɗi da zoɓo da wake, kuma damina a wannan yanki gajeriya ce, ba ta jiran wanda jarrabawa ta riƙe a birni. Noman farko idan ya wuce lokacinsa, ciyawa ta riga ta ci rabonta. Da kaka kuma, sa'ad da mai haƙuri ke ɗinke buhunan riɗinsa ya jingine a ɗaki har farashi ya tashi, shi ɗalibin tilas ya kai nasa ga dillali a lokacin da kasuwa ta cika maƙil, saboda za a rufe rajista. Ya yi asara sau biyu ke nan, kuma babu ɗaya da za ta bayyana a rasit ɗin makaranta.

Inda ra'ayin masu karin maganar ya fi rashin gaskiya shi ne kiran abin sadaukarwar maigida. Idan kuɗi ya yanke, tunkiyar uwargida ake ja zuwa kasuwa, kwasar adashinta ake ranta da alkawarin "in an yi albashi", ɗiyar da ta gama sakandare ake ce wa ta dakata da rajistar jarrabawar shiga jami'a sai baɗi, baɗin da sau da yawa aure ke riga shi zuwa. Ranar yaye ɗalibai shi ke sa hula da alkyabba a ɗauki hoto, waɗanda suka biya kuwa ba a ko nemi shawararsu ba tun farko. Digirin da zai yi wa uba aiki na shekara goma, da an kashe kuɗinsa kan yarinya 'yar shekara 18, da ya yi mata aikin shekara 35, kuma a yankin da makarantu da asibitocin karkara ke neman mata ma'aikata ruwa a jallo.

Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 bai warware wannan ba, domin an tsara shi ne don matashi, wanda zai fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma naira 20,000 da ake bayarwa a wata don ɗawainiya ba ta ciyar da gida mai mutum goma.

Akwai waɗanda lissafin ke goyon bayansu, kuma rashin faɗin haka zai zama son zuciya. Tsarin fanshon Jigawa, wanda ma'aikaci da gwamnati ke zuba kuɗi tare, yana la'akari da albashin ƙarshe da tsawon aiki, saboda haka wanda ke da sauran shekara goma sha biyar ko ashirin, ya kuma samu izinin karatu da albashinsa, zai ci riba har bayan ritaya. Haka nan wanda ya bi hanyar da ba ta raba shi da aji da gona, kamar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, mai karatu daga nesa, ko darussan hutu. Amma waɗannan sun tsira ne saboda sun ƙidaya shekarunsu da aljihunsu, abin da masu karin maganar ke hana saura yi.

Mai neman takardar ma ai hukuma ce. Ita ta gindaya digiri a matsayin sharaɗin hawa, kuma ɗalibanta ne za su amfana idan malamin ya ƙaru, don haka ita ya kamata ta ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da sassan ilimi na ƙananan hukumomin nan huɗu suna iya fitar da adadin guraben karatu da albashi kowace shekara a bainar jama'a, a fifita masu sauran tsawon aiki da masu koyar da lissafi da kimiyya, a kuma rubuta wa'adin da za a daidaita matakin mutum bayan ya miƙa takardarsa. Malamin da ya shekara ashirin a aji kuwa, a buɗe masa hanyar hawa ta jarrabawar ƙwarewa da duba aikinsa, ba tare da an tilasta masa sayar da garken gidansa ba.