'Ya'yan Fatake da Makarantar Vom

Unguwar Abbatuwa ta birnin Jos sunan mayanka ta ci. A can, kamar a Oko-Oba ta Agege da sauran mayankun gwamnati, doka ta ce ba a fid da nama zuwa kasuwa sai ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba huhu da hanta, ya tabbatar babu tarin fuka ko wata cuta mai kama ɗan Adam. In ya ce a binne, kuɗin sa guda ya tafi. Ashe kuwa wannan aiki ba ƙarami ba ne ga falke da mahauci.

Inda ake koyon aikin ba shi da nisa da Jos. A Vom, gaba da Bukur, aka kafa gidan binciken cututtukan dabbobi a 1924, don yaƙi da bushiya. A 1941 aka buɗe makarantar koyar da malaman dabbobi a wurin, ita ce ta zama Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da Kiwo. Yaron da ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, yana iya neman shiga ta jarrabawar JAMB. Shekara 2 ake yi a sami ƙaramar difloma, a yi shekara guda ana koyon aiki, sa'an nan a ƙara 2 a sami babba. Akwai irin wannan kwaleji a Badun, akwai kuma ta Hanyar Mando a Kaduna, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Waɗansu iyaye kan rena wannan karatu, wai in ba likita ba, ba kome. Wannan kuskure ne. Likita shi ke da hukunci, amma malamin dabbobi shi ke shiga ruga da kara, ya yi allura, ya ɗebi jini, ya kai rahoto. Da hannun irinsu aka yi gangamin rigakafin bushiya daga 1962. Da aka yi sake, sai ta komo a 1983 ta yi wa garkunan Nijeriya mummunar ɓarna. Sai a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. Amma ciwon huhu da boru da sammore suna nan, cutar saifa ma ta ɓulla a Jihar Neja a 2023.

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal sun daɗe suna kukan cewa ana hana namansu ba bisa ƙa'ida ba. Wani kukan gaskiya ne, wani kuwa rashin sani ne. Wanda ɗansa ya san cuta tun saniya na tsaye, ba ya zuba kuɗinsa a kan marar lafiya, ba a kuma yi masa rufa-ido a mayanka. Yaron da ya tashi a cikin shanu ya riga ya yi rabin karatun, saura takarda.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da sarakunan fawa da ƙungiyoyin fatake su tashi tsaye. Kowace kara ta zaɓi yara biyu ko uku, maza da mata, ta ɗauki nauyin karatunsu daga kuɗin da ake tarawa a kan kowane kai. Kuɗin da sa guda ke ci in an binne shi ya isa a soma. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.