Wa Ke Riƙe da Makullin Majalisa a Ƙasar Sarki?

Mai karatu, a ranar 10 ga Mayu 2024 Sarkin Kuwait, Shaikh Mish'al Al-Ahmad Al-Sabah, ya fito a talabijin ya ce ya rushe majalisar dokoki, ya kuma jingine wasu sassan tsarin mulki na tsawon lokacin da ba zai wuce shekara huɗu ba. Majalisar nan kuwa ranar 4 ga Afrilu aka zaɓe ta, ko zama ba ta gyara ba.

Tsarin mulkin ƙasar na 1962 bai yi shiru a kan wannan batu ba. Sashe na 106 ya yarda sarki ya ɗage zaman majalisa, amma kada ya wuce wata guda. Sashe na 107 ya ba shi ikon rushe ta, da sharaɗin a sake zaɓe cikin wata biyu. In ba a yi ba, tsofaffin wakilai su koma kujerunsu kamar ba a taɓa korarsu ba. Sashe na 181 ma cewa ya yi ko a lokacin dokar soja ba a hana majalisa zama.

Magoya bayan sarki na cewa wakilan sun mai da zauren filin rigima, kullum tuhumar ministoci, aiki ya tsaya cik. Ban musa ba. Amma a ganina maganin da doka ta tanada shi ne a mayar da magana hannun masu zaɓe, su ne iyayen gijin wakilan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Dubi Birtaniya, wadda ko tsarin mulki a kundi guda ba ta da shi. A 2019 Firayim Minista Boris Johnson ya shawarci Sarauniya Elizabeth ta dakatar da majalisa har mako biyar, ana tsaka da taƙaddamar ficewa daga Tarayyar Turai. Ranar 24 ga Satumba alƙalan Kotun Ƙoli 11 suka ce, baki ɗaya, dakatarwar haramtacciya ce. Washegari wakilai suka koma zaure.

Sai dai a can shawarar minista aka yi wa hukunci, ba Sarauniya ba. Kotun tsarin mulkin Kuwait ma ta taɓa dawo da rusasshiyar majalisa, a 2012 da 2023. To, amma idan sassan da alƙali zai dogara da su ne sarki ya jingine fa? An yi haka a 1976, majalisa ba ta dawo ba sai 1981. An sake a 1986, sai 1992.