Ku daina zagin mushen da ya aje alli

Tun jiya da na kawo labarin malamin nan a shirin safe, wasu ke ta kira suna cewa ya ci amanar ɗiyan talakawa. Wani har maci amana ya kira shi. Haba jama'a!

Ba zan faɗi sunanshi ba. Ɗan kwantiragi ne, shekara 11 yana karantarwa a wani ƙauye tsakanin Kore Mairuwa da Dumega. Pekil ɗinshi jikka 75 a wata, shi ma sai an ga dama, wani lokacin wata biyu shiru. Da mata, da ɗiya huɗu, da tsohuwa a gida. Mai shago ya daina ba shi bashi, in ya hango shi sai ya kau da kai. Ku da ke zagin, wane ne cikinku zai yi wata biyu yana aiki ba a biya shi ba?

Ya gaya mini abin da ke hana shi barci ba kuɗɗi ba ne. Ɗiyan CM2 ne da ya ɗauko tun daga CI, ya bar su saura watanni jarrabawa. Akwai wata yarinya da shi ya je har gida ya roƙi ubanta kada a cire ta a yi mata arme. Yanzu bai san wa zai tsaya mata ba. Da ya zo nan muryarshi ta sarƙe, sai da na kashe mikro. Amma da na tambaye shi ko zai koma in an biya shi bashinshi, ya ce a'a, kai tsaye. Ya riga ya kama sayen wake a kasuwannin ƙauye yana kai wa Dutsi.

Ni ma lakwal na yi, mushe ne ya koya mini riƙon alƙalami, don haka abin na yi mini zafi. To amma a ɗora laifi inda yake. A 2017 an yi wa ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, aka sallami dubbai, aka ce gyara ne. Mun yarda. Waɗanda suka ci fa, nawa aka ba matirkil? Ga azuzuwan zana, waɗanda ba a kafawa sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya tashe su. A 2021 wuta ta cinye yara cikin irinsu, a Yamai cikin Afrilu, a Maradi cikin Nuwamba. Malami yana shiga wannan rumfa kullum, ya san abin da ya faru, kuma ku ce ba ya da kishi?

Mu iyaye ma ba mu fita ba. Da can mushe in ya sauka gari ana ba shi ɗaki, ana aiko mashi damen hatsi. Yau taron COGES ma sai an roƙe mu.

Ajin nan sati uku ke nan ba malami. Direkta ya haɗa su da ƴan CM1 cikin rumfa guda. Masu zagi, layin shirinmu a buɗe yake gobe da safe, ku kira ku gaya mana wa zai karɓi allin a kan jikka 75.