Gurbi, kuɗi da kwanciyar hankali: Lissafin da ya sauya wa iyaye Yahudawa a Amurka

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, gidajen da ke da ɗan ajin ƙarshe na sakandare a Amurka sukan shiga zullumi. A lokacin ne ake rufe karɓar takardun masu neman gurbin jami'a da wuri, tsarin da ke ƙara wa yaro damar samun shiga, amma da sharaɗi: idan an ɗauke shi dole ya je can, babu damar tsayawa ya ga ko wata jami'ar za ta fi rage masa kuɗi. Ga iyaye Yahudawa, wannan shawara ta ƙara nauyi tun bayan 7 ga Oktoban 2023. A da tambayarsu ɗaya ce, wace jami'a ce ta fi suna. Yanzu tambayoyin sun zama uku: za a ɗauki yaron, za mu iya biya, kuma zai zauna lafiya a can?

Yahudawan Amurka ba su da yawa. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ƙiyasta su kusan miliyan 7.5, wato kashi 2.4 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Sai dai kusan shida cikin goma na manyansu suna da digiri, ninki biyu na abin da ake samu a sauran jama'a. Karatu shi ne tsanin da kakanninsu suka taka bayan sun baro gabashin Turai da talauci, don haka maganar jami'a a gidajensu ba ƙaramar magana ba ce.

Kuma ba su manta cewa an taɓa rufe masu ƙofa ba. A 1922 Yahudawa sun haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, sai shugabanta na lokacin, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade su zuwa kashi 15. Da aka yi masa ca, sai aka bi ta bayan gida. Aka shigo da tantance "ɗabi'a", da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da neman ɗalibai daga jihohi masu nisa inda Yahudawa ba su da yawa. Yawancin waɗannan ƙa'idoji suna nan har gobe a manyan jami'o'in ƙasar. Martanin al'ummar shi ne gina nasu. A 1923 aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta Hillel a jami'ar Illinois, a 1948 kuma aka buɗe jami'ar Brandeis a jihar Massachusetts, wadda ke karɓar kowa ba tare da duba addini ba.

Yau babu wanda ke ƙayyade masu adadi, amma ƙofar ta ƙuntace ga kowa. A 2024 Harvard ta ɗauki ƙasa da mutum huɗu cikin ɗari na masu nema. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ba da gurbi, lamarin da ya tilasta wa jami'o'i sake tsarinsu, iyaye kuma suka rasa gane wane ma'auni ake bi.

Sai yaƙin Gaza ya zo. Bayan harin Hamas da ya kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, da luguden wutar da ya biyo baya ya kashe dubban Falasɗinawa, jami'o'in Amurka suka zama fagen zanga-zanga. A Disamban 2023 majalisar wakilai ta titsiye shugabannin Harvard da Pennsylvania da MIT kan ƙorafin ƙin jinin Yahudawa. Liz Magill ta Pennsylvania ta sauka cikin kwanaki, Claudine Gay ta Harvard ta bi ta a Janairun 2024. A Afrilun shekarar ɗalibai suka kafa tantuna a harabar Columbia, 'yan sanda suka kama sama da ɗari a rana ɗaya, kafin watan Agusta ya ƙare ita ma shugabar jami'ar, Minouche Shafik, ta ajiye aiki.

A nan sai an yi adalci. Bakin Yahudawa bai zo ɗaya ba a kan wannan batu. Akwai ɗaliban da suka ce an tsangwame su, an ware su daga ƙungiyoyi, wasu har suka riƙa ɓoye alamar addininsu. Akwai kuma Yahudawan da ke cikin tantunan, suna zanga-zangar tare da sauran. Ɗalibai Musulmi da Larabawa su ma sun kai nasu kukan na tsangwama, shi ya sa Harvard ta fitar da rahoto biyu a Afrilun 2025, ɗaya kan kowane ɓangare. Amma uwar da za ta kai ɗiyarta mai shekara 18 wani gari mai nisa ba muhawarar siyasa take yi ba. Abin da take son sani shi ne ko yarinyar za ta samu abincin da addininta ya halatta, da wurin ibada, da wanda zai saurare ta idan wani abu ya faru.

Wasu jami'o'i sun ga kasuwa a nan. Brandeis ta tsawaita wa'adin karɓar masu son sauya sheƙa daga wasu makarantu. Gwamnan Florida, Ron DeSantis, ya umarci jami'o'in jiharsa su sauƙaƙa wa ɗalibai Yahudawa dawowa can. Ƙungiyar ADL ta fara raba wa jami'o'i maki kamar 'yan firamare, a karon farko ta kayar da Harvard, ta ba Brandeis makin ƙoli. An soki ma'aunin nata, amma iyaye sun karanta. Sunaye irin su Tulane da Emory da Vanderbilt da jami'ar Florida, duk a kudancin ƙasar, sun ƙara shiga jerin da ake tattaunawa a gida.

To, sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin karatu da ɗaki da abinci ya kai dala 90,000 a shekara, wasu sun wuce. Shekara huɗu ke nan ana maganar dala 360,000 kan yaro ɗaya. Gaskiya ne ba kowa ke biyan wannan farashi ba. Harvard ta sanar a Maris na 2025 cewa gidan da ke samun dala 200,000 ko ƙasa a shekara ba zai biya kuɗin karatu ba, wanda ke samun dala 100,000 ko ƙasa kuma har ɗaki da abinci kyauta. Matsalar ita ce jami'o'in da ke da ƙarfin yin haka 'yan kaɗan ne, kuma su ne mafi wuyar shiga.

Ana yawan ɗauka cewa duk Bayahude mai kuɗi ne, alhali Pew ta gano kusan gida ɗaya cikin goma ba ya samun dala 30,000 a shekara. Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu matsakaicin hali, musamman masu riƙo da addini. Su sun fi haihuwa, kuma 'ya'yansu makarantun addini masu zaman kansu suke yi tun daga firamare, inda sakandare a New York kan ci dala 30,000 ko fiye a shekara. Kafin yaro ya isa jami'a an riga an cinye ajiyar gida. Fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya kuwa ba ya tambayar wannan ɗawainiya. Daɗin daɗawa, daga zangon 2024 an cire rangwamen da ake yi wa gidan da ke da yara biyu ko uku a jami'a lokaci guda. Dokar haraji ta 2025 ta zo ta ƙayyade bashin da iyaye za su iya ci daga gwamnati don karatun yaro: dala 20,000 a shekara, jimilla 65,000, daga Yulin 2026. Ragowar sai a nema a banki da ruwa mai tsada, ko yaro ya haƙura ya shiga jami'ar jiharsu.

Gwamnatin Trump ta shiga rikicin da sunan kare ɗalibai Yahudawa. A Maris na 2025 ta janye wa Columbia dala miliyan 400, har jami'ar ta amince ta biya tarar miliyan 200. A Afrilu ta riƙe wa Harvard sama da dala biliyan 2, matakin da wata alƙaliyar tarayya ta ce ya saɓa doka a watan Satumba. Wasu iyaye sun yi murna, suna ganin sai da aka taɓa aljihu jami'o'in suka farka. Wasu kuma suna fargabar a mayar da 'ya'yansu hujjar rikicin da ba nasu ba, gobe idan aka rufe ɗakin bincike ko aka rage tallafi, a ce saboda Yahudawa ne. Abin da ba a musu a kai shi ne tarar ba ta rage wa kowane uba ko sisi a kuɗin makaranta ba.

Abin da ya fi riƙe iyalai da yawa tsoho ne. Addininsu ya hana cin ruwa tsakanin Bayahude da ɗan'uwansa, don haka tun 1892 suka kafa asusun ba da bashi marar ruwa a New York, kuma akwai irinsa a manyan biranen ƙasar, yana ba da rancen karatu. Ga Hillel a ɗaruruwan jami'o'i, wadda iyaye ke tuntuɓa su ji gaskiyar halin da ake ciki kafin su biya kuɗin fom. Shugabannin jami'a sun sauka, gwamnati ta sauya, dokoki sun juya, amma waɗannan cibiyoyi da kakanni suka kafa lokacin da aka rufe masu ƙofa su ne jikoki ke jingina da su a yau.